Hatsi na nan, inji ne ya lalace: kan hawan jini da masu tallan amino asid

Da ƙaramar sallar da ta wuce naje gaida Kawu, yayan mahaifiyarmu, na same shi a zaure yana jan carbi, gefen butarsa ga wata farar kwalba mai sheƙi irin wadda kana gani kasan ba a nan aka yi ta ba. Bayan mun gaisa nace Kawu wannan fa ta mece ce? Yace ai maganin hawan jini ne na asali, ɗan wani amininsa ne ya kawo masa har gida, wai ba kemikal bane, abinci ne, amino asid ne mai suna arjinin, yana buɗe jijiya jini ya wuce salin alin, kuma wai waɗanda suka gano shi har kyautar Nobel aka basu. Dubu talatin da takwas ya biya. Nace to ƙwayar asibitin fa? Sai yayi dariya yace "kai ɗan nan, wannan da in ka fara ba ranar dainawa? Tun kafin azumi na ajiye ta."

Na fita mota na ɗauko abin awo na ɗaura masa a dantse. 178 bisa 104. Na bari ya huta muka ɗan yi hira na sake, kusan duk ɗaya. Mutum zaune lafiya lau, ba ciwon kai ba jiri, yana tambayata labarin yara.

Abinda yafi ƙona min rai a lamarin nan shine yaron da ya sayar masa ba ƙarya zalla yayi ba. Da ƙarya ce tsagwaronta da abin yazo da sauƙi. Gaskiya ya ɗauko ya yanke mata ƙafa ya bar kan, kuma irin wannan ita tafi wuyar kashewa, domin in kace masa ƙarya ne sai ya buɗe waya ya nuna maka hoton Turawa suna karɓar lambar yabo a Suwidin. Shi yasa nake ganin tsawa da "kar ku sha" ba zata yi ba, gara a zauna a warware ma mutane zaren tun daga farko, ni dai abinda na karanta kenan a jami'a kuma ban ga amfanin ya tsaya a cikin littafi ba.

Amino asid dai ba wani abin mamaki bane. Duk furotin ɗin da muke ci, na nama ne ko kifi ko ƙwai ko wake, in ya shiga ciki sai an farfasa shi zuwa ƙananan tubala, su ne amino asid. Guda 20 jiki ke gini dasu, 9 dole sai daga abinci, sauran yana iya haɗa abinsa da kansa. Wato ƙosan da ka ci da koko da safe amino asid ka ci, awara ma haka, ƙuli-ƙuli ma haka. Shi arjinin ɗin da ake sawa a kwalba a kira masa kuɗi gyaɗa cike take dashi, giram 100 na gyaɗa na ɗauke da kusan giram 3, ga riɗi ga agushi ga waken suya, kuma ƙodarka ma tana haɗa shi kullum ba tare da ta tambaye ka ba. Bahaushen da ya tashi da kunun gyaɗa da miyar taushe ba shi za a zo a tallata ma arjinin kamar wani baƙo daga sama ba.

Toh ina haɗinsa da jijiyar jini? Duk wanda ya taɓa noman rani yasan in injin ban ruwa na aiki ka matse bakin tiyo ruwan ƙarfi yake ƙarawa. Zuciya ce injin, jijiyoyi su ne tiyo, sai dai su ba roba bane, akwai tsoka da ta naɗe su tana matsewa tana saki, daga can ciki kuma akwai wani ɗan siririn shafe, layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta, wanda jini ke gogawa yana wucewa. Shekaru da yawa likitoci sun ɗauka shafen nan ba abinda yake yi illa ya sa ciki yayi santsi. Sai wani masani a Niyok mai suna Robert Furchgott, yana gwaji da babbar jijiyar zomo, ya lura cewa wani sinadari yau ya sa jijiyar ta saki gobe ya sa ta matse, abin ya ɗaure masa kai, daga ƙarshe ya gano ashe wajen shirya jijiyar ne wani lokaci ake goge shafen cikin ba a sani ba. In shafen na nan jijiya ta saki, in an goge shi ta ƙi. A 1980 ya wallafa wannan. Kenan shafen ne ke aika ma tsokar saƙo cewa sassauta.

Sai aka shiga neman menene saƙon. Wajen 1986 zuwa 1987 aka gane iska ce, naitirik oksaid, irin wadda ake samu a hayaƙin mota, kuma daƙiƙu kaɗan take yi a jiki ta ɓace, shi yasa dole a riƙa ƙera ta ba dare ba rana. A 1988 Salvador Moncada da mutanensa a Ingila suka nuna cewa daga arjinin ake ƙera ta. A 1998 aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel, aka tsallake Moncada, abinda har yau masana da yawa ke cewa ba a kyauta ba. Wani abin dariya ma, shi Alfred Nobel mai kyautar da ya yi arziki da nakiya, da ciwon ƙirji ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa sinadarin nakiyar tasa likitoci suka ce ya sha, kuma yanzu an san ta hanyar iskar nan yake aiki. Toh kaga inda tallan ya samo asali. Amma a lura, kyautar ta gano aikin iskar ce a jiki, ba wanda aka ba Nobel don ya warkar da hawan jini da garin arjinin. Ignarro dai daga baya ya haɗa kai da wani kamfanin sayar da irin waɗannan kayan ƙarin gina jiki, wannan kuma kasuwa ce, ba ita aka yaba ba.

Lissafin ɗan talla mai sauƙi ne, arjinin na zama iskar, iskar na buɗe jijiya, to a ɗura arjinin da yawa. Kuma gaskiya ne a jikin mai hawan jini iskar bata wadatuwa, tun 1990 wani bincike a Amurka ya nuna jijiyar hannun masu hawan jini bata sakin jiki kamar ta masu lafiya in aka taɓa wannan hanya. Inda lissafin ya karye shine tambayar me ya sa bata wadatuwa. Ka ɗauka gidanku ba a samun garin tuwo, kafin ka je ka ƙaro buhun dawa ai sai ka leƙa rumbu, in ka tarar rumbu cike to matsalar tana wajen mai niƙa. Haka abin yake, arjinin ɗin dake cikin ƙwayoyin shafen nan ya ninka abinda injin ke buƙata sau da yawa, ko a jikin mara lafiyan. Hatsi na nan. Inji ne, wato enzayim ɗin dake juya arjinin ya zama iska, ya samu matsala, kuma ba ta fuska ɗaya ba.

Akwai kishiya. Wani enzayim ne mai suna arjines, shima arjinin yake ci amma shi ba iska yake bayarwa ba, juya shi yake ya fitar da sinadarin da ke tafiya a fitsari. Aikinsa halal ne a hanta, amma da tsufa da ciwon suga da kumburin ciki na jijiya sai ya yawaita a inda ba wurinsa ba ya riƙa wawure rabon uwargida. Kuma in ka sha arjinin ta baki, kafin ya isa jini hanji da hanta sun riga sun cinye kaso mai tsoka ta wannan hanya, in ka daɗe kana sha ma jiki na iya ƙara yawan kishiyar. Sannan akwai tsakuwa a cikin hatsi, wani abu da ake kira ADMA, kamarsa ɗaya da arjinin don daga shi aka samo shi, sai ya shiga bakin inji ya toshe. Patrick Vallance, wanda daga baya ya zama babban mai ba gwamnatin Birtaniya shawara kan kimiyya lokacin korona, shi da abokan aikinsa ne a 1992 suka nuna yana taruwa a jinin masu ciwon ƙoda. Ka duba yadda abin ke zagayowa, hawan jini ya lalata ƙoda, ƙoda ta kasa fitar da tsakuwar, tsakuwar ta ƙara ƙuntata jijiya, jini ya ƙara hawa, har a kai ga layin wankin ƙoda da ke cinye gida da gona.

Na ukun shi yafi ban tsoro a wajena. Injin nan yana da wani mataimaki da ake kira BH4, kamar farantin injin niƙa ne. Duk matar da ke kai markaɗe tasan in faranti ya cinye ba tsayawa injin yake ba, ci gaba yake da ƙara yana zuba miki ɓarɓashin ƙarfe a ƙullu. To haka shima, in hayaƙin taba ko shisha ko yawan suga a jini ko shi kansa hawan jinin ya lalata mataimakin, injin baya mutuwa, sai ya koma ƙera wata guba mai cinye ɗan abinda ya rage na iskar ta kuma ƙona shafen. A irin wannan hali ka ƙaro hatsi ka zuba, me kake tsammanin zai fito?

Ba tatsuniya nake ba, an gwada. A asibitin Johns Hopkins na Amurka aka ɗauki mutum 153 da suka yi bugun zuciya, aka raba su biyu, rabi aka basu arjinin giram 3 sau uku a rana, rabi aka basu ƙwayar da ba komai a cikinta, da niyyar a ga jijiya ta yi laushi zuciya ta farfaɗo. Ba a ga wani amfani ba, kuma mutum 6 suka mutu a ɓangaren masu shan arjinin, ɗaya ɓangaren ko ɗaya bai mutu ba, dole aka tsayar da gwajin, an wallafa shi a farkon 2006. Shekara guda bayan nan wani gwajin a kan masu toshewar jijiyar ƙafa ya nuna bayan wata shida waɗanda basu sha ba sun fi masu sha ƙaruwar nisan tafiya. Ban ce duk wanda ya sha zai mutu ba, adadin mutanen ba yawa, amma dan Allah wane ɗan talla ne ya taɓa gaya ma dattijo wannan kafin ya karɓi kuɗinsa? Ya ma tambaye shi ko ya taɓa ciwon zuciya?

Kar kuma ace na zama maƙiyin amino asid. Ƙananan gwaje-gwaje na 'yan makonni in aka haɗa su sun nuna arjinin na iya rage lambar sama da kamar 5, ta ƙasa da 2 zuwa 3. Ba laifi, amma Kawu yana 178, in ka cire 5 ina ka je? Kuma ba wani babban gwaji da ya nuna yana hana shanyewar ɓarin jiki, wanda shine abinda muke gudu, ba lamba muke gudu ba. Akwai wuraren da abin ke da ma'ana sosai. A Meziko a 2011 an ba mata masu ciki da ke cikin haɗarin hawan jinin ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga, arjinin haɗe da bitamin aka ga raguwar cutar. Sai kuma sikila, wadda ba gidan da bata taɓa ba a ƙasar nan, ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shine jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya. A sikila jajayen ƙwayoyin jini ne ke fashewa, abinda ke cikinsu ya zube ya kama iskar ya shanye, kuma ita kishiyar nan arjines tana cikinsu, sai ta fito ta cinye arjinin, nan kam hatsin ne da gaske ke ƙarewa, shi yasa wasu ke samun hawan jini na huhu da gyambon ƙafa da baya jin magani. A Abuja an gwada arjinin a kan yara masu sikila da ciwo ya kwantar a asibiti aka ga sauƙi, a Amurka kuma tun 2017 aka amince da wani amino asid ɗin, gulutamin, a matsayin maganin sikila. Amma duk wannan a hannun likita ne, da awo, da sanin wa za a ba da wa za a hana. Ba a but ɗin mota a bakin masallacin Juma'a ba.

Irin wannan darasi an taɓa koyonsa da wani ɗan uwansa, homosistin. Shi kuma daga wani amino asid mai suna metiyonin yake fitowa, jiki na buƙatar folik asid da bitamin B12 da B6 kafin ya kawar dashi, in ya taru yana cin shafen jijiya. Wani likita Kilmer McCully ne a 1969 ya lura yaran da aka haifa da lalurar taruwarsa jijiyoyinsu kamar na tsofaffi suke. Duniya ta ɗauka, aka ce shikenan a raba bitamin a huta da ciwon zuciya. Aka yi manyan gwaje-gwaje da dubban mutane, na Kanada da na Nowe suka fito a 2006, homosistin ya sauka kamar yadda aka so amma bugun zuciya bai ragu ba. Sai a Sin a 2015, mutum 20,702 masu hawan jini, a yankunan da folik asid ya yi ƙaranci a abincinsu, rabi aka basu maganin hawan jini enalafiril shi kaɗai, rabi aka haɗa musu da folik asid. Cikin shekara huɗu da rabi kashi 3.4 na rukunin farko suka samu shanyewar ɓarin jiki, na biyun kashi 2.7. An samu amfani, ba mai musu. Sai dai ka lura da abu biyu, inda ake da ƙaranci ne aka samu, kuma a kan magani aka ɗora shi, ba wanda aka ce ya ajiye ƙwayarsa. Folik asid ɗin kuma shine wannan 'yar ƙaramar ƙwayar da ake ba mata wajen awo, mafi arha a kemis.

Maganar "wannan kemikal ne wancan na Allah ne" kuwa dariya take bani. Ɗaya daga cikin sinadaran da suka fi matse jijiya a jiki, anjiyotensin, amino asid 8 ne aka jera. Magungunan da ke hana jiki ƙera shi daga dafin wani maciji na Barazil aka samo dabararsu, wani masani Sérgio Ferreira ne ya fara bin sawun abin a shekarun 1960, na farkonsu kaftofiril a kan amino asid furolin aka gina shi, shi kuma lisinofiril da ke cikin jakar iyayenmu da yawa, sunan nasa ma daga amino asid laisin ya samo. Wato Kawu ya guji amino asid da aka gwada a kan dubun dubatar mutane ya koma ma wanda ba a tabbatar da amfaninsa ba, ya biya ninki. Mu baƙar fata ma an yi mana namu gwajin, Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranci wani a ƙasashen Afirka shida, mutum 728, aka wallafa a 2019, aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki yafi sauke mana jini. Wannan ilimi ne da aka samo a jikinmu, amma ban taɓa jin an yi shelarsa a rediyo ba kamar yadda ake shelar mai kwalba safe da yamma.

In dai ana son a taimaki injin nan to madafi ne wajen farawa, kuma nan ne ba mai son a taɓa. Hukumar lafiya ta duniya tace kar gishiri ya wuce giram 5 a rana, bai cika ƙaramin cokali ba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, muna jefa biyar shida a tukunya, mu ƙara gishiri, mu ƙara farin magi, sannan a kawo yaji shima da nasa magin a daka. Shi farin magin ma amino asid ne, gulutamet, aka haɗa da sodiyam, kuma ba gulutamet ɗin ne abin zargi ba, daddawa ma shi ke bata ɗanɗano, sodiyam ɗin ne ke taruwa. Sai kanwa, da yawa sun ɗauka magani ce zalla, alhali yawancinta gishirin sodiyam ne, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan yadda kunun kanwa da wankan jego ke da hannu a kumburin zuciyar masu jego. Kasa daddawa da tafarnuwa da citta su ɗauki nauyin miya a rage dunƙule, wannan kaɗai yafi kwalbar dubu talatin da takwas.

Kankana ma tana da nata. Akwai amino asid mai suna sitrulin, daga sunan kankana a Latin aka raɗa masa suna don a cikinta aka fara samunsa, shi hanta bata tare shi a hanya, sai ya isa ƙoda ta juya shi ya zama arjinin. A sha kankana, har farin jikin ɓawon ma yana dashi, amma kar wani ya fita yace nace kankana maganin hawan jini ce, ba haka nace ba. Ganye irin alayyahu da latas kuma wata ɓarauniyar hanya suke bi, suna ɗauke da naitiret, ƙwayoyin halittar da ke zaune a bayan harshe su juya shi, jiki ya samu iskar ba tare da ya bi ta kan lalataccen injin ba, a Landan har an nuna masu kurkure baki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi jininsu na ɗan ɗagawa. Zoɓo an gwada shi a Boston a kan mutum 65, kofi uku a rana na sati shida, lambar sama ta sauka da kusan 7, to amma nasu ba irin namu na biki bane mai sugan da cokali ke iya tsayawa a ciki. Sai tafiya a ƙasa. Gudun jini a kan shafen nan shi ke tada injin, shine mabuɗinsa na asali, mu kuma yanzu masallacin bayan layi ma sai an hau mashin.

Akwai maganar da maza basa faɗa a fili amma ita ce rabin dalilin ajiye ƙwaya, tsoron raunin mazakuta. 'Yan talla sun san wannan sarai shi yasa kwalba ɗaya take maganin hawan jini kuma take ƙarin ƙarfi. Abinda ba a gaya ma mutane shine harkar can ma da wannan iskar take aiki, Viagra ai don ciwon zuciya aka fara gwada ta, kuma jijiyoyin wajen sirara ne, su ke fara nuna alamar shafe ya lalace tun kafin na zuciya. Sau da yawa hawan jinin ne ko suga ya jawo raunin ba ƙwayar ba. Eh akwai wasu tsofaffin magunguna da kan jawo, amma ana canzawa, ka buɗe baki ka gaya ma likita, ya ji wanda ya fi naka. Abinda ke da haɗari shine mai shan maganin ciwon ƙirji irin na naitiret ya haɗa da maganin ƙarfin maza, jini na iya faɗuwa warwas lokaci guda, kuma wasu haɗe-haɗen da ake cewa na gargajiya ne an sha kama su da garin irin wannan ƙwaya a ciki.

Ni ra'ayina laifin ba na yaron nan bane shi kaɗai, shima neman abinci yake, wataƙila ma ya yarda da abinda yake faɗa don haka aka koya masa a taron da suke yi a otal. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a ƙasar nan yana da hawan jini, akasari basu ma sani ba, wanda ya sani kuma in yaje asibiti ya wuni a layi, minti uku za a bashi, a rubuta masa abinda bai iya karantawa a ce ya dawo bayan wata. Shi kuma ɗan talla yazo har zaure, ya durƙusa ya gaida shi, ya zauna awa guda yana masa bayani da Hausa harda zane. Wa kake ganin zai ci? Ma'aikatan lafiya su daina raina hankalin mutane, wanda ya iya lissafin taki da iri na gona goma zai gane maganar tiyo da inji in aka yi masa. Kuma ya kamata a san lambar NAFDAC a jikin irin waɗannan kaya ba shaidar suna warkarwa bace, galibi tana nufin an duba ba a ga cutarwa a fili ba ne kawai. Ni da za a bi tawa, duk tallan da ya ce "ka rabu da ƙwayar asibiti", a rediyo ne ko a TikTok ko a WhatsApp, a ɗauke shi laifi a hukunta mai shi da gidan da ya watsa, kuma kowane kemis na unguwa da kowane masallacin Juma'a a samu abin awo da wanda ya iya amfani dashi, kuɗinsa bai kai na kwalbar Kawu ba.

Da ƙyar na shawo kansa, sai da na haɗa da Umma ta kira shi ta yi masa kuka a waya ta tuna masa yadda mahaifinsu ya kwanta shekara huɗu ɓari guda baya motsi. Muka koma asibiti aka duba ƙoda, alhamdulillahi bata taɓu ba, aka maida shi kan amlodifin aka ƙara masa wata 'yar ƙarama. Satin da ya wuce na auna shi 136 bisa 84, yace shi dai har yanzu bai yarda arjinin ɗin bai masa komai ba don lokacin yana jin ƙarfi a jikinsa, nace to Kawu Allah ya ƙara lafiya. Ita kuma kwalbar da na shiga cikin gida na ganta a madafi, Hajiya ta wanke ta tas, tace murfinta na da kyau baya shan iska, kanwa take zubawa a ciki.